Yadda Ake Liƙin Dalma a Gida: Jagora Ga Mai Sha'awar Haɗa Ƙananan Kayan Lantarki

A kusan kowane gida akwai wani kwali ko lungun ƙarƙashin gado da ake tara kayan da aka yanke wa ƙauna: tocilar da ta daina kamawa, ƙaramar rediyo, fanka mai caji, motar wasan yara. In ka kwance su ka duba, da yawansu ba wani babban ciwo gare su ba. Waya ɗaya ce ta tsinke daga jikin makunni, ko ƙafar wani abu ta saki allo. Aikin minti biyu ne ga wanda ya iya liƙin dalma. Ni ma ta nan na shigo harkar, kafin in kai ga haɗa nawa abubuwan tun daga tushe, kuma har yau ina jin daɗi duk sa'ad da ƙwan da na haɗa da hannuna ya kawo haske.

Akwai magana ɗaya da nake so ka riƙe kafin ka taɓa komai, don duk sauran bayanin a kanta ya rataya. Ba dalma ake gasawa ba, wurin da za a liƙe ake gasawa. Wani dattijo mai gyaran rediyo a unguwarmu ne ya fahimtar da ni haka, ranar da ya ga ina ɗebo narkakkiyar dalma a bakin ƙarfe ina shafa wa waya tana zamewa. Ya karɓi ƙarfen ya ce, "Ɗana, ba fenti kake yi ba. Gasa wurin, ita da kanta za ta zo." Ya ɗora bakin ƙarfen a kan wayar, ya ɗan jira, ya taɓa dalmar a ɗaya gefen, sai na ga ta shige cikin silin wayar kamar yadda kananzir ke hawa lagwani. Dalma zafi take bi, kuma ba ta hawa ƙarfe mai datti.

Mece ce wannan dalmar?

Abin da muke kira dalma a shagon gyara, wato siririyar wayar nan mai laushi da ake naɗewa a kwarkwaro, ba zallar dalma ba ce. Haɗi ne na ƙarfe biyu: kuza, irin wadda aka daɗe ana haƙowa a Jos da Bukuru, da kuma ainihin dalma. Zallar kuza tana narkewa a digiri 232 na ma'aunin Salsiyas, zallar dalma kuma sai digiri 327. Amma in aka haɗa kashi 63 na kuza da kashi 37 na dalma, sai haɗin ya narke a digiri 183 kacal, ƙasa da kowannensu. Shi ne ake rubuta wa 63/37. Akwai ɗan'uwansa 60/40, wanda ya fi yawa a kasuwa, shi kuma yana gama narkewa wajen digiri 190. Duka biyun sun dace da mai koyo. Mai 63/37 ya ɗan fi, domin yana daskarewa nan take ba tare da ya tsaya yana kama da kunu ba.

Akwai kuma wadda babu dalma a cikinta sam, kusan duk kuza ce da ɗan jan ƙarfe, wani lokaci da ɗan azurfa. Tun ranar 1 ga Yuli, 2006 Tarayyar Turai ta taƙaita amfani da ainihin dalma a sababbin kayan lantarki, shi ya sa yawancin wayoyin hannu da kwamfutocin yanzu da irin wannan aka liƙe su. Tana narkewa tsakanin digiri 217 da 227, ba ta gudu da sauƙi, kuma ko liƙin ya yi kyau ba ya sheƙi sosai. Ta fi aminci ga lafiya, amma ta fi wuyar sha'ani ga sabon hannu.

A tsakiyar wayar dalma akwai wani abu kamar ƙaro, wanda masu gyara ke kira fulaks. Yawanci daga ƙaron wata bishiya ake yin sa. Aikinsa babba ne: kowane ƙarfe in ya sha iska yakan yi wata siririyar tsatsa da ido ba ya gani, zafi kuma yana ƙara ta. Fulaks ne ke cinye wannan tsatsa don dalma ta samu ƙarfe tsirara ta kama. Hayaƙin da kake gani yana tashi, fulaks ɗin ne ke ƙonewa. To ka ga dalilin da ɗebo dalma a bakin ƙarfe ba ya aiki: kafin ka kai ta wurin, fulaks ya riga ya ƙone a hanya.

Ka nemi mai kaurin milimita 0.6 zuwa 0.8. Kuma a nan araha ba ta ado. Akwai dalmar da za ka ga an rubuta 60/40 a jikinta, amma in ta narke sai ta dunƙule, ta yi toka-toka, ta ƙi gudu. Da yawan masu koyo sun zargi hannunsu alhali dalmar ce ba ta da kyau. Ka tambayi mai gyaran da ka yarda da shi wacce yake amfani da ita, ka sayi irinta. Kada kuma ka kusanci fulaks ɗin masu gyaran lagireto ko masu aikin famfo. Akwai asid a ciki, zai ci gaba da cin allonka a hankali bayan ka gama aiki.

Ƙarfen liƙi da sauran kaya

Ƙarfen liƙi, wanda ake kira sodarin ayan a kasuwa, iri-iri ne. Mafi araha shi ne wanda ake sakawa a soket kawai, ba a saita masa zafi. In shi za ka saya, ɗauki mai wat 30 zuwa 40. Mai wat 60 na irin wannan yana wuce kima wajen zafi, yana ƙona allo. In da hali, wanda ake saita wa zafi ya fi nesa ba kusa ba. Ka sa shi a digiri 320 zuwa 350 in dalmarka mai 60/40 ce, ko 350 zuwa 380 in marar dalma ce.

Wani abu da ya shafe mu musamman shi ne halin wutar lantarki. An yi waɗannan ƙarafan ne don bolt 220 zuwa 240. In wuta ta zo da rauni, a ce bolt 180, ƙarfe mai wat 40 da ba a saita masa zafi ba zai ba ka fiye da kusan wat 25 ba. Sai ka ga jiya yana narkar da dalma nan da nan, yau kuma yana ja-in-ja. Ba lalacewa ya yi ba, wutar ce. Saboda wannan ne nake son ƙananan ƙarafan zamani irin su Pinecil da TS100, waɗanda ke iya aiki da batir mai bolt 12 irin na sola, ko da yake sun fi ƙarfi in sun samu wajen bolt 20. Suna yin zafi cikin daƙiƙoƙi kaɗan, kuma ɗauke wuta ba ya tsayar da kai.

Batun bakin ƙarfe, masu koyo sukan zaɓi mai tsini kamar allura, suna ganin ai kayan ƙanana ne. Kuskure ne. Tsini ba ya ɗaukar zafi mai yawa, kuma wurin da yake taɓa aikin ɗan mitsitsi ne. Mai ɗan faɗi kamar bakin sukudireba, mai faɗin kusan milimita 2, shi ke kwanciya a kan aiki ya zuba masa zafi da sauri.

Sauran kayan ba su da yawa. Mazaunin ƙarfe mai nauyi wanda ba zai kife ba. Soso da za a jiƙa a matse, ko curin siraran wayoyin tagulla na goge baki. Ƙaramar filaya mai yanka, da mai dogon baki. Matsefata don riƙe ƙananan abubuwa. Ɗan gwangwanin fulaks na kayan lantarki. Famfon zuƙe dalma ko lagwanin jan ƙarfe don warware liƙi. Sifirit da tsohon burushin haƙori. Sai mita, wato multimita, ko da mai araha ce, muddin tana yin ƙara in an haɗa bakunanta biyu. A Kano za ka samu duk waɗannan a wurin masu kayan lantarki na Sabon Gari ko a kasuwar waya ta Farm Centre. A wasu garuruwa kuwa ka tambayi masu gyaran waya inda suke sari.

Wurin aiki da lafiyarka

Ka samu tebur kusa da taga, ka shimfiɗa falankin katako ko tayil a kai. Kada ka yi aiki a kan katifa, ko tabarmar roba, ko a cinyarka. Haske ya wadata. In za ka kunna fanka, ka juya ta yadda za ta janye hayaƙi daga fuskarka, ba ta hura kan ƙarfen tana sanyaya shi ba. Hayaƙin fulaks yana sa tari da ƙaiƙayin ido, kuma yawan shaƙarsa na tsawon lokaci yana iya jawo asma.

Ita ainihin dalma ba ta hayaƙin take shiga jiki ba, don zafin ƙarfen liƙi bai kai ya mai da ita tururi ba. Ta hannu zuwa baki take shiga. Mu kuwa ba ma bukatar a ba mu labarin gubar dalma. A shekarar 2010, a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, aƙalla yara 400 suka rasu saboda ƙurar duwatsun zinariya masu ɗauke da dalma da ake niƙawa a cikin gidaje. Abin da ke cikin kwarkwaronka bai kai ko kusa da wancan ba, amma gubar ɗaya ce, kuma ƙananan yara ta fi yi wa illa. Saboda haka kada ka ci goro ko gyaɗa kana aiki. Kada ka riƙe wayar dalma da haƙori, ko da hannayenka biyu sun cika. Ka tattara ɓurɓushin da ya zuba a wani gwangwani mai murfi, don yaro mai rarrafe duk abin da ya gani mai ƙyalli bakinsa zai kai. In ka gama ka wanke hannu da sabulu. In akwai ƙananan yara ko mai juna biyu a ɗakin da kake aiki, ni shawarata ka koma wadda babu ainihin dalma a cikinta, ka jure wahalarta.

Abu biyu game da ƙuna. In ƙarfe ya suɓuce, ka bar shi ya faɗi, kada ka cafe. In kuma ka ƙone, ka sa wurin a ruwa mai sanyi na kimanin minti 20, ban da man goge baki, ban da ɗanyen ƙwai.

Shirya bakin ƙarfe

Sabon baki, da zarar ya fara zafi, ka riƙa taɓa masa dalma har ta narke ta lulluɓe tsinin ya yi fari tas. Wannan rigar dalmar ita ke kare shi daga tsatsa, ita ce kuma ke miƙa zafi zuwa aiki. Baki busasshe mai baƙi-baƙi, ko ya kai digiri 400, ba zai narkar maka da komai yadda ya kamata ba. Kafin kowane liƙi ka goga shi a soso sau ɗaya ko biyu, ka ɗan taɓa masa dalma kaɗan.

Kada ka kankare baki mai kyau da magagari ko samfefa. Cikinsa jan ƙarfe ne, an yi masa siririyar riga ta baƙin ƙarfe. In ka huda rigar, dalma za ta riƙa cin jan ƙarfen har bakin ya yi rami. In ya yi baƙi, ka tsoma shi a fulaks, ka ba shi dalma, ka goge, ka maimaita har ya dawo.

Fara da waya kafin allo

Samo guntayen wayar jan ƙarfe mai sili-sili. Fere robar kamar tsawon santimita ɗaya, ka murza silin su haɗu. Ɗora wayar a kan bakin ƙarfe, ka ƙirga ɗaya, biyu, sannan ka taɓa dalma a saman wayar, ba a jikin ƙarfe ba. In wayar ta yi zafi, za ka ga dalma ta nutse cikinta, launin ja ya koma fari, amma har yanzu kana iya ganin shatin silin. Ka yi wa waya ta biyu haka, ka jera su gefe da gefe, ka taɓa musu ƙarfe, sai su haɗe. Bari ta huce, ka ja da ƙarfi. Liƙi mai kyau ba ya ɓallewa da jan hannu. Ka rufe wurin da robar nan mai tsukewa in ta ji zafi, amma ka tuna ana zura ta a jikin waya tun kafin a liƙa.

Ka yi irin wannan sau ashirin ko talatin kafin ka wuce. In ka ci karo da wayar da ta ƙi karɓar dalma duk da fulaks, ka kankare ta da reza ka duba. In cikinta fari ne, alminiyam ce aka yi wa rigar jan ƙarfe, kuma dalmar yau da kullum ba ta kama alminiyam. Siraran wayoyin iyafis kuma masu launi-launi, wani fenti ne a jikinsu. Ka tsoma bakin wayar cikin ɗigon narkakkiyar dalma na ɗan lokaci har fentin ya ƙone.

Liƙi a kan allo

Allon, wanda masu gyara ke ce wa fanel, yana da ramuka, kowane rami da zoben jan ƙarfe kewaye da shi a gefe ɗaya. Ana zura ƙafafun kaya ta gefen da babu jan ƙarfe, a liƙe ta gefen da yake da shi. In jan ƙarfen ya dushe, ka ɗan goge shi har ya yi haske, ka share da sifirit.

Lanƙwasa ƙafafun abin da filaya daidai tazarar ramukan, ka zura, ka tura har ya kwanta a jikin allo. Juya allon, ka ɗan buɗa ƙafafun waje don kada ya zame. Ka fara da gajerun kaya kamar rezista (mai rage wuta) da dayod (mai barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai), dogaye su zo daga baya, in ba haka ba allon ba zai kwanta ba in ka kifa shi.

Yanzu ga ainihin aikin. Riƙe ƙarfen kamar alƙalami, ka jingina gefen hannunka a kan tebur don kada ya yi rawa. Ɗora bakin yadda zai taɓa abu biyu a lokaci guda: zoben da ke jikin allo da ƙafar da ta fito. Wannan shi ne wurin da aka fi kuskure. In ƙafar kaɗai ka gasa, dalma za ta hau ƙafa ta bar zobe. In zoben kaɗai ka gasa, za ta malale a kai ta ƙi kama ƙafa. Ka jira daƙiƙa ɗaya zuwa biyu. Sannan ka kawo dalma ta ɗaya gefen, inda ƙafa da zobe suka haɗu. Za ta narke ta zagaye ramin da kanta. Da ka ga ta kewaye, janye dalmar tukuna, ka bar ƙarfen kamar daƙiƙa ɗaya, sannan ka janye shi. Dalma ke fara tafiya, ƙarfe ya biyo baya. In ka juya tsarin, wayar dalmar za ta maƙale a jikin liƙin.

Duk abin bai kamata ya wuce daƙiƙa uku zuwa huɗu ba. Bayan ka janye, kada ka hura, kada ka motsa ƙafar har ta daskare. Sai ka yanke ragowar ƙafar daidai saman liƙin. Ka ɗora yatsa a kan guntun yayin yankewa, don yana yin tsalle da ƙarfi kuma ido yake nema. In kana da tabarau ka sa.

Kada ka danna ƙarfen da ƙarfi. Ba nauyin hannu ke kai zafi ba, ɗan jiƙon dalmar da ke bakin ne. Zoben jan ƙarfen manne shi kawai aka yi a jikin allo, kuma yawan zafi da dannawa suna ɗaga shi. Na taɓa lalata allon rediyon mahaifina ta wannan hanya, na daɗe ina gasa wuri ɗaya da baki mai datti har zoben ya ɓalle ya biyo ƙarfen. Abin ya dame ni ƙwarai, don rediyon da yake jin labarai da ita kullum da asuba ce. Da siririyar waya aka yi wa wurin gada aka ceto ta. In wuri ya ƙi kamawa bayan daƙiƙa biyar, ka janye, ka bar shi ya huce, ka goge bakin ƙarfe, ka sa fulaks, ka sake.

Yadda ake karanta liƙi

Liƙi mai kyau yana kama da jinkar ɗaki wadda gefenta ya ɗan lotsa ciki: ya faɗaɗa a ƙasa ya rufe zoben duka, ya tsuke yana hawa jikin ƙafa, sumul, yana sheƙi. In ka ga ya dunƙule kamar ɗigon ruwa a kan ganyen gwaza, to dalma ba ta kama ba, zaune kawai take a sama. Ko zafi bai isa ba, ko wurin da datti. In ya yi gurzu-gurzu kamar yashi, ko dai an motsa shi kafin ya daskare ko bai gasu ba. Irin wannan shi ya fi ban haushi, domin yana aiki yau ya ƙi gobe, sai an bubbuga na'urar take kamawa. Maganinsa ɗan fulaks da sake gasawa.

In dalma ta yi yawa har ta tsallaka ta haɗe zobba biyu da bai kamata su haɗu ba, ka goge bakin ƙarfe tas, ka sa fulaks, ka ja bakin ta tsakaninsu. Yawanci rarar takan biyo shi. In ta ƙi, sai lagwani.

Warware liƙi

Hanya mafi araha ta koyo ita ce ka samo mataccen allon rediyo ko na DVD ka yi ta cire kaya kana mayarwa. Da famfo, ka danna shi ya ɗana, ka narkar da liƙin, ka janye ƙarfe ka kafa bakin famfon nan take ka saki. Da lagwani kuwa, ka shafa masa fulaks, ka ɗora a kan liƙin, ka ɗora ƙarfe a samansa. Zai shanye dalmar ya koma fari. Ka ɗaga lagwani da ƙarfe tare, in ba haka ba zai manne ya fizge zoben.

Ga wata dabara da ke ba sabon shiga mamaki: in tsohon liƙi ya ƙi narkewa, ƙara masa sabuwar dalma ake yi. Sabuwar tana kawo fulaks, tana miƙa zafi, kuma in tsohuwar marar dalma ce, cakuɗuwar tana sa ta narke da wuri. Kada ka taɓa fizgo ƙafa da ƙarfi. In ba ta fito da sauƙi ba, da sauran dalma a ramin.

Aikinka na farko: ƙwai mai haske

Kana bukatar allon gwaji mai dogayen layukan jan ƙarfe, wanda tazarar ramukansa milimita 2.54 ce, da jan ƙwan LED ɗaya, da rezista mai om 470 (om shi ne ma'aunin ƙarfin rezista), da batir mai bolt 9 tare da hularsa mai waya ja da baƙa. Za ka gane rezistar da zanen jikinta: rawaya, shunayya, ruwan ƙasa. Amfaninta shi ne rage wutar da za ta bi ta ƙwan. Jan ƙwai yana cin kusan bolt 2, saura 7. In ka raba 7 da 470 za ka samu kusan miliyam 15 (miliyam ma'aunin yawan wutar da ke bi ne), wanda bai kai miliyam 20 da irin wannan ƙwan ke ɗauka ba. In babu rezista, ƙwan zai ƙone nan take.

Zura jar waya a layi na 1. Zura ƙafar rezista ɗaya a layi na 1 ɗin, ɗayar a layi na 5. Ita ba ruwanta da gaba ko baya. Ƙwan kuwa yana da gaba da baya: doguwar ƙafa ita ce ta ɓangaren ja, gajeriyar kuma, wadda gefenta yake a shafe a jikin ƙwan, ta ɓangaren baƙi ce. Doguwar ta shiga layi na 5, gajeriyar layi na 6. Baƙar waya ta shiga layi na 6. Liƙi shida ke nan.

Kafin ka sa batir, ɗauki mita ka sa ta a wurin da take ƙara. Taɓa layi na 5 da na 6. In ta yi ƙara, dalma ta haɗe su, ka raba. Sannan ka sa batir. In bai kama ba, abu na farko da za ka zarga shi ne ka juya ƙwan, na biyu kuma liƙin wayoyin batir.

Wannan ka'ida ta gaba da baya ta shafi wasu kayan. Dayod tana da zobe a gefe ɗaya. Kafasita, wato mai tara wuta, irin mai kama da ɗan gwangwani, tana da zane a gefen ƙafarta ta ɓangaren baƙi, kuma in aka juya ta tana iya kumbura ta fashe. In ka kai ga ayisi, wato ɗan ƙaramin abu mai ƙafafu da yawa da ke ƙunshe da haɗin lantarki a cikinsa, kamar NE555 mai ƙafa takwas wadda ta fito tun 1972 kuma har yau da ita masu koyo ke haɗa ƙwai mai ƙyaftawa, ka liƙa mata mazauni tukuna sannan ka dasa ta, don kada zafi ya taɓa ta. A lokacin hunturu kuma, sa'ad da iska ta bushe har riga ke yin tartsatsi in an cire ta, wannan tartsatsin yana kashe wasu ayisi da taransista (mai ƙara ƙarfin sigina ko kunna wuta da kashe ta) ba tare da ka ga alama ba. Ka taɓa wani babban ƙarfe da ke haɗe da ƙasa kafin ka ɗauke su, kuma ka riƙe allo ta gefensa.

Kayan da ba su da ƙafa

Allunan zamani cike suke da ƙananan kaya masu kwanciya a saman allo ba tare da rami ba. Ka fara da masu ɗan girma: mai lamba 1206, tsawonsa milimita 3.2, ko 0805 mai milimita 2. Sa ɗan dalma a ɗaya daga cikin wuraren zamansa biyu. Riƙe abin da matsefata, ka narkar da dalmar, ka turo shi ciki, ka janye ƙarfe kana riƙe da shi har ya daskare. Sai ka liƙe ɗaya gefen kamar yadda ka saba, ka dawo ka gyara na farkon da ɗan fulaks. A nan fulaks ya fi dalma muhimmanci, kuma gilashin ƙara girma yana taimakawa.

Inda ba a kai hannu

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, musamman a harkar wuta. Kada ka liƙa komai alhali yana haɗe da soket ko batir. Ko an cire shi ma, babbar kafasitar da ke cikin caja, ko inbata, ko sashen wutar talabijin tana iya riƙe sama da bolt 300 bayan an kashe. Tsohuwar talabijin mai ƙeya da na'urar ɗumama abinci ta maikurowef kuwa suna riƙe dubban bolt, suna kisa. Ka bar wa ƙwararru su. Batiran litiyam, irin 18650 da ke cikin fitilu da fankoki masu caji, ba a ɗora musu ƙarfen liƙi kai tsaye, don zafi yana lalata cikinsu har su kama da wuta. Ka sayi masu ɗan ƙarfe a manne tun daga kamfani, ko ka sa su a mazaunin batir. Har sai hannunka ya faɗa, ka tsaya a kan kayan da ke aiki da bolt 12 zuwa ƙasa.

In za ka tashi

Ɗiga sifirit a burushi ka wanke ragowar fulaks daga bayan allo, nesa da ƙarfe mai zafi don sifirit yana kamawa da wuta, ka bar shi ya bushe kafin ka ba shi wuta. Goge bakin ƙarfen, ka lulluɓe shi da dalma mai ɗan yawa, sannan ka kashe. Da wannan rigar zai kwana ba tare da ya yi tsatsa ba. Zare filogin daga soket gaba ɗaya, ko da an ɗauke wuta, don ana iya dawo da ita kana barci. Ka bar ƙarfen a mazauninsa, inda hannun yaro ba zai kai ba, har ya huce. Share teburin da jiƙaƙƙen tsumma, ka rufe gwangwanin ɓurɓushi, ka je ka wanke hannu da sabulu.